Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattijon da ya tambaye ni amfanin tashar sararin samaniya

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in biya bashin amsar da kuke bi na tun daren da aka gayyace ni gidan rediyo a nan Maradi, in yi bayani kan ilimin taurari. Kun bugo waya kun ce: gidan da manyan ƙasashe suka haɗu suka rataye a sama, suka zuba masa dukiyar da ba ta ƙirguwa, me zai tsinana wa manomin Tibiri ko na Madarunfa wanda rumbunsa ke ƙarewa kafin damina ta faɗi? Lokacin shirin ya ƙare ban amsa ba, kuma tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye.

Zan fara da abin da na yarda da ku a kansa. Tashar ba ta taɓa zuba tiya ɗaya ta hatsi a rumbun kowa ba, kuɗin da ta ci kuma sun haura dala biliyan 100. Sai dai kuɗin nan daga baitulmalin Amurka, Rasha, Japan, Kanada da wasu ƙasashen Turai suka fito, kuma a ganina, da ba a gina tashar ba, ba rijiyoyin ƙauyukanmu za su nufa ba. Makamai sun fi kusa da su.

Tashar tana kimanin kilomita 400 bisa kawunanmu, wato bai kai nisan Maradi zuwa Yamai ba, amma gudunta ya kai kilomita 28,000 a awa, har tafiyar da motar haya ke wuni tana yi zuwa Yamai ita a minti ɗaya da rabi take shafe ta. Tana kewaya duniya cikin minti 90, mazaunanta kuma suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda. Tsawonta mita 109 ne, kusan filin ƙwallo, nauyinta ya haura tan 400, saboda haka babu rokar da za ta iya ɗaga ta gaba ɗaya. Ɗaki-ɗaki aka riƙa harbawa ana haɗawa a can. Na farko, mai suna Zarya, ya tashi daga Baikonur ta ƙasar Kazakistan a watan Nuwamban 1998, kuma tun daga 2 ga Nuwamban 2000, ranar da Ba'amurke ɗaya da Rashawa biyu suka tare a ciki, ba ta sake kwana babu mutum ba.

A nan ne nake ganin babban darajarta, Baba. Mu da muka tashi muna ganin gayya mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gayyarmu ta dangi ce da maƙwabta masu shiri da juna. Wannan kuwa gayya ce ta abokan gaba, wato Amurka da Rasha, waɗanda suka shafe shekaru kusan 40 kowa na auna ɗan'uwansa da makaman ƙare-dangi. An ƙera ta yadda ba za su iya raba gari cikin sauƙi ba: ɓangaren Amurka ne ke samar da mafi yawan wutar lantarki daga hasken rana, jiragen Rasha kuma su suka saba tunkuɗa ta sama idan ta fara yin ƙasa, Kanada ta ba da dogon hannun ƙarfen da aka yi ginin da shi, Turai da Japan kowa ya kawo ɗakin bincikensa. Lokacin da jirgin Amurka mai suna Kolombiya ya tarwatse a 2003 da mutum 7 a ciki, jirgin Soyuz na Rasha ne ya riƙe zirga-zirgar. Daga 2011 zuwa 2020 ma babu Ba'amurken da ya hau sai a kujerar Rasha. Ko bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022, da aka yanke kusan kowace hulɗa a ƙasa, a can sama an ci gaba da cin abinci a akushi ɗaya, domin wanda ya huda bangon ɗakin ɗan'uwansa numfashin kansa ya huda. Ba na cewa gayyar ba ta da aibi, tun da an rufe wa Sin ƙofa har ta gina tata, Tiangong, wadda ta kammala a 2022.

Game da binciken kansa, abin da tashar ke da shi wanda babu a doron ƙasa shi ne rashin jin nauyi. Ƙashin ɗan sama-jannati yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowane wata, shi ya sa suke motsa jiki awa 2 kullum, likitoci kuma suna ganin cikin watanni abin da tsufa ke yi wa ƙashi cikin shekaru. Ruwa kuwa, da yake ɗaga kowace lita tsada gare shi, dole ta sa suka koyi tace gumi da fitsari da tururin numfashi, har a 2023 aka sanar cewa kashi 98 cikin 100 na ruwan ana maido da shi. Wannan bai maye gurbin famfo ko rijiya ba, amma mutumin Sahel ba ya raina ilimin tattalin ruwa.

Manomin da kuka ambata ma yana da ɗan rabonsa, kodayake ba zan ƙara gishiri ba: hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke fitarwa ya fi dogara da wasu taurarin ɗan adam daban, haka kuma hotunan da suka nuna wa duniya cewa manoman Maradi da Damagaram sun raya itatuwa, gawo da sauransu, a kan hekta wajen miliyan 5. Amma tun 2018 akwai na'ura a jikin tashar mai suna ECOSTRESS da ke auna zafin ganyen shuka, ta gane ƙishinta tun kafin ido ya ga ta yi yaushi, a 2022 kuma aka ƙara wata mai nazarin ƙurar hamada, irin wadda ke rufe mu da hazo lokacin hunturu. Bayanan kyauta ake ba da su ga duk mai iya karanta su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙwabtanmu sun riga sun leƙa ta wannan ƙofa. A 2017 an saki ƙananan taurarin ɗan adam na Gana da Najeriya daga ɗakin Japan, waɗanda ɗalibai suka ƙera, kowanne bai fi a riƙe shi a tafin hannu ba, a 2018 kuma na Kenya ya biyo baya. Ƙasar da ba ta da roka ba za ta samu irin wannan dama ba in da tashar mallakin gida ɗaya ce. Ban ga dalilin da zai hana yaran Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yin irin wannan ba, in aka ba su malamai da kayan aiki, sai dai lokaci ya ƙure, domin shirin da ake da shi shi ne a yi aiki da tashar zuwa 2030, sannan a sauko da ita ta ƙone, ragowarta ta faɗa can tsakiyar tekun Fasifik.

Kafin nan tana ratsa samaniyar Maradi, kuma ana ganinta da ido a wasu ranaku jim kaɗan bayan magariba ko gabanin asuba, fara tas, ba ta ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, ta keta sama cikin ƴan mintuna. Idan kun amince, zan duba ranar da za ta wuce in sanar ta gidan rediyon, mu taru a fili da ku da jikokinku mu kalle ta.

Wassalam. Naku, malamin kimiyya a wata lakwal ta sakandare, Maradi.