Ba Rabon Motoci Ne Ya Riƙe Shirin Oprah Ba

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rubutun da kuka buga a shafin mata a kan Oprah Winfrey, mai gabatar da shirin hira a talabijin a Amurka. Na ji daɗinsa, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kusan duk labarin ya ƙare a kan dukiyarta da ranar da ta raba motoci 276 ga mahalarta shirinta a watan Satumba na 2004. An yi haka, ba musu. Sai dai shirin da ya shekara 25 ana kallonsa daga Litinin zuwa Juma'a, ba kyautar mota ce ta riƙe shi ba. Ni ungozoma ce da na yi ritaya, na daɗe ina kallonsa a tashar MBC4 ta tauraron ɗan adam, ana magana da Turanci, fassarar Larabci tana gudu a ƙasa.

Asalinsa ƙaramin shirin safe ne a birnin Chicago mai suna AM Chicago, wanda masu kallo suka juya wa baya. Oprah ta karɓe shi a Janairun 1984, cikin 'yan watanni ta sha gaban Phil Donahue, wanda shi ne gwanin irin wannan hira a lokacin. Aka sa wa shirin sunanta, ranar 8 ga Satumba 1986 aka fara nuna shi a duk faɗin Amurka, bai tsaya ba sai 25 ga Mayu 2011. An yi ta hirar girki, ado, zaman aure, tarbiyya da rage ƙiba, kamar kowane shirin rana. Abin da ya bambanta shi, matar ba ta zauna a kujerar alƙali ba. A 1986 ta faɗa da bakinta a gaban kyamara cewa an yi mata fyaɗe tana 'yar shekara tara. Daga nan mata suka saki jiki da ita. Maganar ba ta tsaya a hawaye ba, ta je gaban majalisar dattawa ta ba da shaida, kuma a 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar kare yara da har ake kira da sunanta.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Janairun 2004, da ta gayyaci Dakta Catherine Hamlin, likita 'yar Ostareliya wadda ita da mijinta suka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a Addis Ababa a 1974. Edita, wannan ciwo na san shi hannu da hannu. Na karɓi yarinyar da ba ta wuce sha shida ba, ta kwana uku tana naƙuda a ƙauye, ɗan ya zo babu rai, ita kuma ta tashi da yoyo. Leda take shimfiɗawa kafin ta zauna, zaninta a jiƙe, tana zaɓar can ƙarshen benci don kada warin ya dami mutane. Mijin ya sake ta, kwanonta ma a gidan ubanta daban aka ware. Irin waɗannan mata ne Dakta Hamlin ta ba da labarinsu a shirin da matan Amurka ke kallo suna ninke wanki, waɗanda yawancinsu ba su taɓa jin sunan ciwon ba. Bayan shirin gudunmawa ta yi ta kwarara zuwa asibitin. Mu da muke da asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinke mata, mun san darajar a ambaci ciwon nan da rana tsaka ba tare da rufe baki ba.

Ba zan wanke ta tas ba. A 2007 ta bai wa wata 'yar fim, Jenny McCarthy, fili ta danganta allurar rigakafi da lalurar galahanga (autism), maganar da bincike ya ƙaryata. Wannan ya yi mini ciwo, domin ina aiki lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, na ga yadda jita-jita ke gurgunta yara. Wadda mutane suka yarda da ita haka, bai kamata ta bar irin wannan magana ta wuce ba.

Ko littafi ma rubutunku bai taɓo ba, alhali a 1996 ta kafa ƙungiyar karatu a cikin shirin, kuma a 2009 ta zaɓi littafin ɗan Najeriya, Uwem Akpan.

Roƙona, ku sake waiwayar wannan tarihi a fitowa ta gaba, ku faro daga 1984, ku ba hirar Dakta Hamlin wurinta. Ku kuma tura wakiliyarku Babbar Ruga ta zauna da matan da ke jiran a yi musu aiki, ta ji daga bakinsu.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Daga wata mai karanta jaridarku, Katsina.