Amsa ga ɗalibin Garwa ta ƙasar Kamaru da ya tambaye ni zancen ganga a Turanci

Ɗana, salamu alaikum. Na ga tambayarka a bainar jama'a, ka ce jarrabawar BEPC ta sakandare ta matso kuma har yanzu ka kasa raba he drums da he is drumming da he has drummed, kuma wai kalmar drum ita kanta tana rikita ka.

To kai da ka tashi da Hausa ai ka riga ka san rabin abin. He drums shi ne yakan yi kiɗa, sana'arsa ce, ko yanzu barci yake. He is drumming kuwa yana kiɗa, gula na hannunsa, kana jin ganga daga ƙofar Lamido ranar sallah. Ka lura m biyu ake rubutawa, drumming, drummed, drummer wato makaɗi.

Inda wahalar take shi ne ya yi kiɗa, don mu kalma ɗaya muke faɗa su kuma Turawa sun raba gida biyu, he drummed da he has drummed, kuma Faransancin da kuke karatu da shi a nan arewa shi ke ƙara jefa ku rami, tunda kun saba da il a joué hier, wato ya yi kiɗa jiya, sai hannu ya tafi ya rubuta he has drummed yesterday, wannan kuskure ne wallahi, da zarar ka ambaci jiya ko bara to he drummed kawai. Has drummed na abin da ba a faɗi lokacinsa ba ne, ko wanda ya faro tun can baya kuma bai yanke ba, kamar he has drummed for 20 years, yau shekara 20 yana kiɗa kenan.

Ita drum ɗin, gaskiya Turanci talaka ne a nan. Ganga, tambari, kotso, duk drum, kalangu ne ya ci sa'a suka ce masa talking drum. Amma kiɗan goge ko garaya kar ka ce drumming, play suke cewa. Duron mai ma drum ne, daga nan muka aro kalmar. Drumstick gula ce, amma in ka gan ta a takardar abinci ƙafar kaza ake nufi, kar ka ce an kawo maka makaɗa.

Ka rubuto jimla biyar da jiya a ciki in duba maka.