Gadon Mata: Ana Ta Gardama Kan Rabi, Rabin Ma Ba Ya Isa Hannunsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana kan gadon mata. Duk lokacin da zancen matsayin mace ya taso a rediyo ko a Facebook, wuri ɗaya ake tsayawa: me ya sa namiji ke ɗaukar rabon mata biyu? Wasu su yi suka, wasu su kare, lokaci ya ƙare a sa talla. A ganinmu wannan gardama ta rufe wata ɓarna da ta fi ta girma. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, rabin da ake ta musu a kansa ma ba ya zuwa hannun mai shi.

Mu fara da lissafi, domin shi ne ba a cika yi a fili ba. A ce mutum ya rasu ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, mahaifinsa kuma ya riga shi. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sai ya rage dukiyar naira 16,800,000. Matan biyu za su raba tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira 2,100,000, kowace ta sami 1,050,000. Mahaifiya tana da kashi ɗaya cikin shida, 2,800,000. Saura 11,900,000 a kasa shi bakwai: kowace 'ya 1,700,000, kowane ɗa 3,400,000. Idan aka tara, matan gidan nan su shida suna da naira miliyan 10 cif, mazan biyu suna da 6,800,000. Wa da ƙanen mamacin ba su da ko kwabo, domin ɗa namiji ya katange su. Amma a je zauren rabon a ga su wa ke zaune. Baffannin da ba su da komai ne ke jan zaman tare da 'ya'ya maza, masu miliyan goman kuwa suna cikin gida suna jiran a aiko musu da labari.

Hanyar da aka fi cutar mata da ita ba hana su kai tsaye ba ce, ƙiyasta kuɗin kadara ce. Ana cewa gida na maza ne tunda mace gidan wani za ta, don haka a yi wa gidan kuɗi a fitar wa mata nasu. Wannan sulhu bai haramta ba idan kowa ya yarda kuma kuɗin na gaskiya ne. Sai dai wanda zai riƙe gidan shi ke kawo dillalin da zai yi masa kuɗi. A misalinmu, a ce cikin dukiyar akwai gidan da a kasuwa zai yi miliyan 10, aka yi masa kuɗi miliyan 6. A takarda dukiyar ta koma 12,800,000, rabon kowace 'ya ya sauko zuwa kusan 1,295,000. An zare mata sama da naira dubu 400, kuma lissafin malamin da ya yi rabon daidai yake, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Jimillar abin da ya tashi daga hannun matan shida ya koma na mazan biyu ya kai kusan miliyan 2 da dubu 380. Sannan kuɗin ba a dunƙule ake biya ba. A ba ta dubu ɗari da sallah, dubu hamsin da bikin 'yarta, shekara biyar ana abu ɗaya, darajar naira tana faɗuwa, ta gidan tana hawa.

Maganin wannan ba shi da wuya. Kowane ɓangare ya kawo nasa mai ƙiyasi, ko kotu ta turo nata. A ba mace zaɓin ta riƙe kasonta a cikin gidan ko gonar, a auna, a kafa alama, a rubuta. Idan kadarar ba za ta rabu ba, a yi tayinta a fili, magajin da ke so ya saya a kan farashin da wani bare ya taya, kuma ya biya cikin wa'adin da aka rubuta a gaban shaidu.

Akwai kuma kalmar "na yafe". Ana zuwa wa mace tana tsakiyar zaman makoki, ido bai bushe ba, a ce 'yan uwanki maza su ne gatanki, ranar da aure ya mutu wurinsu za ki dawo. Sai ta ce ta yafe, alhali ba ta san ko nawa ta yafe ba. Yafe rabo kyauta ce, kyauta kuwa sai da yardar zuciya, kuma mai kunya a gaban baffanninta ba a ce ta yarda ba. Abin da ya dace shi ne a raba tukuna, a faɗa mata adadin, a damƙa mata. Idan bayan wata uku ta ga dama ta ba yayanta, ladanta ne. Ba mu cika jin an taru an nemi namiji ya yafe wa ƙannensa mata nasa kason ba.

Gona ta fi kowace kadara wahala. A ƙauye ana barin gandu ba a raba ba, maza suna nomawa, a aika wa mace da 'yan tiyoyin gero da kaka idan an tuna da ita. Shekara ashirin, talatin, magada na farko sun fara mutuwa, gado ya hau kan gado. Rabon da malami zai gama a zama ɗaya ya koma na mutum arba'in, shaidun da suka san iyakar gonar sun ƙare. Mafi muni shi ne a sayar wa bare. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai hukuncin hauzi: wanda ya ga bare yana riƙe da kadara, yana gini yana rushewa har shekara 10, yana gari bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ƙararsa tana iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, amma kawaicin da ake yaba wa mace shi ne lauyan ɗaya ɓangaren zai riƙe a kotu.

Matar mamaci tana da wasu haƙƙoƙi tun kafin a zo kan tumuni, kuma su aka fi mantawa. Sadakin da bai gama biya ba bashi ne, ana fitar da shi kafin rabo. Haka kuɗin adashinta ko na awakinta da ya ara ya zuba a shago. Kayan ɗakinta da lefenta nata ne, ba a lissafa su cikin dukiyar mamaci. Idan gidan mallakarsa ne, tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta gama takabar wata huɗu da kwana goma, ba a tashinta don an sami mai saye. Idan tana da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabon har ta haihu. Wadda ke cikin iddar sakin kome tana gado. Wadda aka saka a cikin ciwon ajali ita ma tana gado, ko da iddarta ta ƙare. Mata da yawa ba su taɓa jin wannan hukunci na ƙarshe ba.

Ga maza masu rai kuma akwai jan hankali. Maigida ya ce wa uwargida wancan gidan na ba ki, amma shi ke karɓar kuɗin haya, takardu na sunansa, har ya rasu. Kyautar da ba a karɓe ta ba kafin mutuwa ko ciwon ajali tana komawa cikin gado. Idan da gaske ake, a miƙa makulli, a sauya sunan da ke takardar, a kira shaidu biyu. Barin ta a matsayin wasiyya ba zai yi ba, domin babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince.

Wurin da baffa ke da rabo na gaskiya shi ne idan mamaci bai bar ɗa ko jika namiji ta wajen ɗa ba, kuma babu mahaifi. A nan ma ana wuce gona da iri. 'Ya ɗaya tana da rabi, biyu ko fiye suna da kashi biyu cikin uku. Mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa ɗaya: a kasa 24, matar ta ɗauki 3, 'ya'yan su ɗauki 16, baffa 5. Idan akwai goggo wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya da mamacin, tana cikin biyar ɗin nan tare da shaƙiƙinta. Misalin mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu da baffa shi ne ainihin abin da ya faru da iyalan Sa'adu bin Rabi'u bayan yaƙin Uhudu, lokacin da ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar, matarsa ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), aka umarci baffan ya ba 'ya'yan biyu kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, saura nasa. Mace ce ta kai ƙarar, kuma ba a ce mata ta tona asirin gida ba. Kalmar "mace rabin namiji" ma ba ko'ina take ba. Uwa da uba kowa na da kashi ɗaya cikin shida idan mamaci ya bar ɗa namiji, 'yan uwa na wajen uwa kuma rabonsu daidai yake, mace da namiji. Duk wannan yana cikin aya ta 7, 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i, yana kuma cikin babin fara'ili, wato ilimin rabon gado, na littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu.

Kuɗin banki da na fansho sun kawo sabuwar ƙofa. Mutane da yawa sun ɗauka wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom ɗin banki ko na wurin aiki shi ne mai kuɗin, kuma galibi sunan ƙane ko babban ɗa ake rubutawa. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne, bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba. Banki kan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, kuma yana da kyau sunan ɗaya daga cikin matan gidan ya shiga cikin masu izinin. Inda dokar fansho ta 2014 ke aiki, akwai inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. A tambaya a wurin aikin, domin kuɗin da matar ba ta san da su ba, ba za ta nema ba.

Wadda aka hana rabonta za ta iya shigar da ƙara da bakinta a kotun shari'ar Musulunci ta yankin da kadarar take, ba dole sai da lauya ba. Ta je da sunayen dukan magada, jerin kadarori da inda suke, shaidar rasuwa, da mutum biyu da suka san dukiyar. Idan hukuncin bai gamsar da ita ba akwai ɗaukaka ƙara, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sanya gado, kyauta da wasiyyar Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Tsoron kuɗin ushira, wato kason da kotu ke cira idan ta raba gado, yana sa iyalai su guji kotu, amma sau da yawa abin da ake zaftare wa mace a rabon zaure ya fi shi yawa.

Roƙonmu ga wannan jarida shi ne ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, a kawo mas'alar gado guda da alƙalumanta kamar yadda muka yi a sama, malamin fara'ili ya duba kafin a buga. Masu shirye-shiryen mata a rediyo su ma su gayyato alƙalai da malamai mata, a buɗe waya a amsa tambaya kan gida da gona. Masu tafsirin azumi kuma, idan sun iso Suratun Nisa'i, su tsaya su yi lissafin da naira a gaban jama'a, a tabbatar lasifikar ɓangaren mata tana aiki.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin fara'ili da shari'o'in gado,
Kano.