Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Renon Tsirrai a Akwatin Kifi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata, ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare, da abin da muka ƙudurta bai samu ba, tare da dalilan da suka hana shi samuwa.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin da ƙungiya za ta yi alfahari da shi a bana shi ne taron koyar da nutsar da tsirrai, wanda muka yi a farkon damina. Da gangan kwamiti ya jira sai da zafi ya karye, domin a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ruwan akwati kuma yakan wuce abin da yawancin tsirranmu suke so, wato tsakanin digiri 22 zuwa 28. Kowa ya san ƙorafin da ya haifar da taron. Mutum ya sayo tsiro kore shar, ya dasa shi a akwati, kafin mako biyu ganyen ya koma rawaya ya ruɓe, sai ya tuge shi ya jefar, ya zo taro yana cewa mai shago ya cuce shi.

Ɗan'uwanmu malamin kimiyya, wanda ya jagoranci zaman, ya fara ne da warware wannan zargin. Yawancin abin da muke kira tsirran ruwa, a asalinsu tsirran bakin rafi ne, waɗanda ambaliya ke rufewa da damina, su fito sarari idan ruwa ya janye da rani. Masu renonsu don sayarwa sukan bar saiwar cikin laima, ganyen kuma a sararin iska, saboda a haka sun fi saurin girma, ba sa kwasar gansakuka, kuma sun fi jure doguwar tafiya. Ganyen da ya fito a sarari yana da kaurin fata, kuma ya saba shan iskar kabon, wadda tsiro ke haɗa abincinsa da ita, a sauƙaƙe, alhali a cikin ruwa wannan iskar tana tafiya a hankali da kusan ninki 10,000. Saboda haka idan aka nutsar da tsiron sai ya saki tsohon ganyen, ya janye abincin da ke cikinsa, ya fito da sabo mai laushi wanda ya dace da zama a ƙarƙashin ruwa. Malam ya ɗaga wani tsiro mai suna Echinodorus ya nuna mana ganye iri biyu a jikin gindi ɗaya, tsofaffi masu faɗi da suka fara lalacewa, da sababbi dogaye sirara da ke fitowa daga tsakiya. Ya kuma nuna wani tsiron, mai suna Cryptocoryne, da ganyensa ya narke ƙurmus, amma da aka tono saiwar sai ga ta fara tas, da ƙarfinta. Wanda ya jefar da irin wannan, rayayyen tsiro ya jefar.

Sashen da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne na Anubias, kuma ina ganin kwamiti ya yi daidai da ya zaɓe shi a matsayin tsiron da kowane sabon memba zai fara da shi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka daga Asiya ko Turai aka samo shi, sai ga shi ɗan gida ne: Anubias barteri yana fitowa a kan duwatsun rafuka masu inuwa a kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, kuma sunan Charles Barter ya ci, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin binciken Bature William Baikie a kogin Neja ya rasu a garin Rabba a 1859. Yana jure ƙarancin haske, ba ya buƙatar a ƙara masa iskar kabon, kuma galibi ba ya zubar da ganye idan aka nutsar da shi. Sharaɗinsa guda ne. Yana da kwantaccen gindi mai kama da ɗanyar citta, wanda ganye ke fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa, kuma duk wanda ya binne wannan gindin a yashi ya kashe tsiron.

A nan ne Hajiya mataimakiyar ma'aji ta karɓi aikin. Ta zare tsiron daga ɗan kofinsa, ta tsefe audugar da ke naɗe da saiwar a cikin roba da ruwa har sai da ba ta bar ko ɗis ba, sannan ta sa sabuwar reza ta raba gindin, kowane yanki da ganye uku ko fiye. Ta ɗora yanki ɗaya a kan dutse, ta zagaye shi da baƙin zaren ɗinki ba tare da ta matse ba, ta ce kafin zaren ya ruɓe saiwar ta kama dutsen da kanta. Ta kuma zagaya da wani gindi da ya lalace domin kowa ya taɓa ya ji laushinsa, ya shinshina warinsa, ta yadda gobe zai gane ruɓaɓɓe tun a shago. Yara da matasa sun yi layi suna ɗaura nasu, kuma kowa ya koma gida da dashe ɗaya.

An yi gargaɗi mai amfani a kan tsirran da ba sa rayuwa a ƙarƙashin ruwa ko kaɗan, duk da ana sayar da su a haka. Na gaba-gaba shi ne gorar adon nan ta shagunan furanni, Dracaena sanderiana, wadda saiwarta ke son ruwa amma dole ganyenta ya zauna a sarari, in ba haka ba ta ruɓe ta ɓata ruwan har kifi ya halaka. Sai kuma maganar badonmu na tafki, wanda wani nau'insa mai jan ganye ake sayarwa a shagunan kifi na ƙasashen waje, kuma idan ana yanke ganyen da ya nufi saman ruwa yakan zauna a ƙasa ya yi kyau. An ba da shawarar a bar 'yar kainuwa kaɗan tana yawo a sama domin ta yi wa Anubias inuwa, a tsayar da fitila kan awa 6 zuwa 8, a nisanta akwati da taga mai rana, domin ganyen da ke girma a hankali shi gansakuka ta fi kamawa. Masu ajiye karfasa da tarwada kuma an gaya musu gaskiya cewa duk abin da aka dasa a yashi za su tone shi, sai dai wanda aka ɗaure a dutse ko itace. Zuwa hunturu, yawancin waɗanda suka kawo mana labari dashensu ya kama kuma ya ƙara ganye. Muna godiya ga ɗan'uwan da ya ba mu farfajiyar gidansa, da waɗanda suka ɗauko akwatunansu da kuɗin motarsu.

Yanzu sai ayyukan da suka tsaya, kuma ina roƙon a karanta wannan sashen kafin a sake tambaya ta ina aka kwana. Akwatin renon dashe na ƙungiya bai fara aiki ba. Gilashi da teburin ƙarfe suna nan an saya, rasidinsu yana hannun ma'aji ga duk mai son gani. Abin da ya rage shi ne sola da batir, kuma kuɗinsu bai taru ba, farashin kuma ya tashi a kan yadda muka yi lissafi a farkon shekara. Wasu sun ce me zai hana a kunna shi da wutar gari. Amsar ita ce, idan injin tace ruwa ya tsaya na tsawon awanni, ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin kifi a cikinsa sukan fara mutuwa, tsirran da ake reno kuma ba sa ci gaba da hasken da yau akwai gobe babu. Kwamiti ya ga gara a jira da a zuba tsirran jama'a su lalace.

Ɗan littafin Hausa kan renon tsirran ruwa an gama rubuta shi, an duba shi, kuɗin ɗab'i ne babu. Ziyarar fadamun Hadejia-Nguru, inda muka so ganin bado da sauran tsirran bakin ruwa a muhallinsu, ita ma ta ci tura, domin masu rubuta suna sun yi yawa, masu biyan kuɗin mota ba su cika motar ba. Gwajin samar da iskar kabon da yis da sukari a kwalba kuwa, dakatar da shi aka yi da shawarar malam, saboda da zafi kwalbar tana tafasa fiye da kima, kuma da dare, lokacin da tsirrai ba sa amfani da iskar, an ga kifi yana hawa sama yana neman numfashi.

Duk waɗannan, in ban da na ƙarshe, tushensu ɗaya ne. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. An tura saƙo ta WhatsApp, an kira a waya, an bi wasu har shago, amsar ba ta wuce "sai ƙarshen wata" ba. Mun san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, kuma duk wanda ya zo ya faɗi uzurinsa an ɗaga masa ƙafa ba tare da kowa ya ji ba. Abin da ke ɓata rai shi ne waɗanda ba a ganin ƙeyarsu a taro, ba sa amsa kira, amma ranar rabon dashe su ne a sahun gaba, kuma su ne masu cewa shugabanni ba sa komai. Masu riƙe da muƙaman nan babu mai karɓar ko sisi, kowa da sana'arsa da iyalinsa, kuma taron da ake yabawa ɗin nan mutane ƙalilan ne suka cike giɓinsa daga aljihunsu.

Kwamiti zai gabatar da shawarwari biyu a babban taro: a taƙaita rabon dashe na gaba ga waɗanda suka biya ko suka gabatar da uzuri, sannan duk abin da aka tara na bashin baya a fara sayen batir da shi kafin komai. Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin ranar taron, wanda kuma dashensa ya kai a raba ya zo da shi a leda da ɗan ruwa domin sababbin membobi.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.