Wasiƙar godiya ga sashen tiyata na asibitin da ya yi wa mahaifinmu aiki a Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin iyalin gidanmu nake miƙa godiya ga likitocin tiyata, masu ba da maganin barci da ma'aikatan jinya da suka kula da Baba. Na zaɓi in yi ta a bainar jama'a don wasu su san irin aikin da ake yi a garin nan.

Hoton sikana ne ya nuna ƙari a wutsiyar pankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, wadda ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Likita ya ce irin wanda ake kira niyuro-endokirin ne, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yawanci girmansa a hankali ne, ba kamar sankarar pankiriyas da aka fi sani ba. Amma na Baba ya kai santimita 3.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da babban likita ya yi da mu kafin aiki. Ya ce ban da ƙarin, za su cire ƙwayoyin kaluluwa da ke kewaye, har da saifa. Baba ya ce, "Likita, abin da bai yi ciwo ba, don me za a taɓa shi?" Likitan bai nuna gajiya ba. Ya ja kujera, ya ce, "Baba, kaluluwa ita ce zangon farko da cutar ke sauka in ta tashi tafiya, kuma ido ba ya iya bambanta mai lafiya da wadda ta kamu, sai an duba a na'ura." Ya bayyana mana cewa ƙarin da bai kai santimita 2 ba, wani lokaci sa ido kawai ake yi, ko a ɓantare shi shi kaɗai, musamman irin mai zubo insulin da yawa. Wanda ya wuce haka kuwa, haɗarin yaɗuwarsa zuwa kaluluwa ya fi yawa. Da Hausa ya yi duk wannan bayani, ba da Faransanci ba, kuma a ganina wannan ne ya sa tsoho ya sa hannu da kwanciyar hankali.

An tura abin da aka cire Yamai don bincike. Sakamako ya dawo da awon Ki-67, mai nuna saurin girman ƙari, ƙasa da kashi 3 cikin 100, wato ajin da ya fi jinkirin girma, kaluluwar kuma babu cuta a cikinta. Alhamdu lillahi.

Godiya ta musamman ga ma'aikaciyar jinyar da ta tsare mu ranar sallama. Ta ce wanda ba shi da saifa, zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau sun fi yi masa illa, don haka a yi masa allurar rigakafi, ya riƙa kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓi a kawo shi nan take, kada a tsaya sayen magani a bakin titi. Da damina a Maradi, wannan gargaɗi ba ƙarami ba ne. Ta kuma koya wa ƙanwata auna sukarinsa, tunda an rage gaɓar da ke yin insulin.

Baba yana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, har masu shara da masu gadi. Za mu dawo da shi awo ranar da kuka rubuta mana, in sha Allahu. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Naku,
Babban ɗan majinyacin, a madadin ƴan uwa
Unguwar Zariya, Maradi