Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Rikicin Shugabancin Jami'armu

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne na unguwannin da ke kewaye da jami'a: iyayen ɗalibai, masu unguwanni, masu gidajen haya da 'yan kasuwar bakin ƙofa. Mun sani jami'ar ta gwamnatin tarayya ce, naɗin shugabanta ba a fada ake yin sa ba. Amma a ƙasarka take, a kan gonakin da iyayenmu suka bayar da umarnin fada, shi ya sa muka kawo kukanmu gida.

Da wa'adin tsohon shugaba ya kusa cika, Majalisar Gudanarwa ta tallata kujerar. Bayan an rufe karɓar takardu sai muka ji an taɓa sharuɗɗan. Wakilan majalisar malamai suka fice daga zaman tantancewa, duk da haka aka wayi gari da sanarwar sabon shugaba. Tun ranar gidan ya rabu biyu, kowa ya ja daga. Ba mu zo goyon bayan kowa ba, yawancinmu ko fuskar 'yan takarar ba mu sani ba.

Abin da muka sani shi ne majalisar malamai ta daina zama, kuma sai ta zauna ake amincewa da sakamakon jarrabawa. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu, da kuɗin ƙosai ta kai 'yarta ajin ƙarshe. Yarinyar ta gama, ta haɗa jakar tafiya bautar ƙasa, jakar na nan a bayan ƙyaure ƙura ta rufe ta. Duk safiya uwar kan tambayi ɗaliban da ke sayen ƙosai, "'Yan nan, an manna sunayen?" Su girgiza kai su wuce. Wannan abu na ci mana tuwo a ƙwarya.

Ga shi doka ba ta bar kowa a duhu ba. Dokar jami'o'in tarayya ta 1993, da gyaran da aka yi mata a 2003, ta ba Majalisar Gudanarwa ikon naɗa shugaba na shekara 5, zango ɗaya tak, bayan kwamitin haɗin gwiwa na majalisar da malamai ya tantance. Tsige shi ma sai irin wannan kwamiti ya yi bincike, an kuma saurari wanda ake zargi. Mun ga inda tsallake wannan hanya ke kaiwa. A Jami'ar Legas, Majalisar Gudanarwa ƙarƙashin Wale Babalakin ta tsige shugaban jami'ar, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe, a Agustan 2020, kafin Nuwamba ya fita gwamnati ta mayar da shi. A Jami'ar Abuja kuwa, bayan cece-kucen naɗin Farfesa Aisha Maikudi, Shugaba Tinubu ya sauke ta ya rushe majalisar a Fabrairun 2025, aka kawo shugabar riƙo ta wata 6.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira shugaban Majalisar Gudanarwa da wakilan malamai, har da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU, ya zaunar da su a gabansa. In Sarki ya kira, babu mai ƙin zuwa. A sa majalisar malamai ta zauna ko don sakamakon yaran nan kaɗai, maganar kujera ta biyo baya. In kuma sun ƙi jituwa, Sarki ya tuntuɓi ɗan'uwansa Uban Jami'a, su rubuta wa Ministan Ilimi a turo kwamitin bincike ya duba yadda aka yi naɗin, a kuma karanta rahoton a bainar jama'a.

Dattawanmu a shirye suke su zo fada duk ranar da Sarki ya sa.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka,
Al'ummar unguwannin da ke maƙwabtaka da jami'a