Godiya ga Sashen Fasahar Sadarwa na jami'armu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Darakta, tare da dukkan ma'aikatan sashenka. Mu malaman da kuka horar kan komawa manhajar Moodle ta koyar da darussa ta intanet ne muka rubuto wannan takarda, kuma mun zaɓi a buga ta kowa ya gani, domin yabon gwani ya zama dole.

Kafin wannan horo kowane malami da tasa hanyar. Wani Google Classroom, wani zauren WhatsApp, wani kuma takardu yake kai wa mai fotokwafi a bakin ƙofa. Moodle kyauta ce, tun 2002 ake aiki da ita a jami'o'in duniya, amma ba ta kwaso darasi daga Google Classroom kai tsaye. Tun ranar farko kuka faɗi haka ba ɓoye-ɓoye, kuka sa kowa ya sauke fayilolinsa daga Google Drive, ya jera su mako-mako, sannan ya ɗora.

Inda kuka fi yi mana rana shi ne wurin jarrabawa. Shigar da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya aikin kwanaki ne, sai kuka koya mana tsarin Aiken: tambaya a layi guda, zaɓuɓɓuka a ƙarƙashinta da A, B, C, D, sannan layin ƙarshe a rubuta ANSWER da manyan baƙaƙe, a sa ɗigo biyu da tazara, sai harafin amsa. Da an rubuta kalmar da ƙananan baƙaƙe ko an raba tambaya layi biyu, manhajar ba za ta karɓa daidai ba. Ga kuma abin da malaman Hausa ba za su manta ba. Idan ba a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ke gane baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ sukan rikiɗe su koma alamar tambaya, har ɗalibi ya kasa bambance ƙasa da kasa. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, don maki ake rasawa a kansa.

Haka batun agogo. Nijeriya na gaban agogon GMT da awa 1, saboda haka idan aka bar shafin a kan GMT, jarrabawar da malami ya sa ƙarfe 10 sai ƙarfe 11 za ta buɗe. Kun saita shi a kan lokacin Legas, kun kuma nuna mana inda kowa zai duba nasa.

Wajen rajistar ɗalibai, lambar shiga jami'a mai karan tsaye (/) a tsakiya ba ta zama sunan shiga a Moodle sai an gyara, domin ƙananan baƙaƙe da lambobi da 'yan alamomi kaɗan kawai take amincewa da su. Kun cire karan tun a cikin jadawalin kafin ɗorawa, magana ta ƙare.

Abin da ya fi taɓa zukatanmu shi ne yadda kuka sa ɗalibin da ke riƙe da ƙaramar waya a Tsafe ko Ƙaura Namoda a gaba. Duk wanda ya ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, ya san sabis ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa kuka nace a rage bidiyo a yawaita murya, tunda darasin minti 10 na murya in an matse shi ba ya kai megabait 5, a kuma riƙa mayar da rubutu PDF. Kun nuna mana yadda ɗalibi zai sauke darussa a manhajar waya idan ya shigo Gusau, ya karanta a gida ba intanet.

Roƙonmu guda ne. Kafin sabon zango a sake zama na yini ɗaya kan adana kwafin kwas da dawo da shi ba tare da sunayen tsofaffin ɗalibai ba, don da yawa daga cikinmu hannunsu bai faɗa ba tukuna.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira, ya kuma ba jiharmu zaman lafiya.

Naku,
Malaman da suka halarci horon